Joaquin na Betis: wai a ina za mu ajiye shi cikin 'yan wasan gefe na Sifaniya?

Kore da Fari:
Salamu alaikum 'yan group. Jiya a majalisarmu bayan isha'i aka kawo maganar 'yan wasan gefe na Sifaniya, kowa na ta kiran Lamine Yamal da Nico Williams, ni kuma na ce kafin su akwai Joaquin, wallahi wani yaro sai ya tambaye ni wai wane ne shi, me ya ci. Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri. Mutumin da ya buga wasa 622 a La Liga, ya kamo Zubizarreta a tarihin wanda ya fi kowa yawan wasa a gasar, wanda shi kuma gola ne, ya fara a babbar ƙungiyar Betis a 2000 bai ajiye takalmi ba sai 2023 saura kiris ya cika shekara 42, wai shi ake tambaya me ya ci. Ni a ganina cikin duk 'yan gefen dama da Sifaniya ta fitar tun daga 2000 zuwa yau babu wanda aka tauye wa haƙƙi kamarsa. Ina so mu tattauna, wanda ya kalle shi da idonsa ya faɗi abin da ya gani.

Gunner na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa yaron nan bai yi laifi ba ai, tambaya ya yi. To me ya ci ɗin? Copa del Rey uku, ɗaya ma daga ciki yana benci aka ci. Babu La Liga, babu Champions League, babu komai da ƙasa. Reyes ya fi shi nesa ba kusa ba, Allah sarki Reyes, yana cikin Arsenal ɗin da ba a ci ba a 2004, ya je Madrid aro ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe da Mallorca ya ba su kofin 2007, ga Europa guda biyar.

Kore da Fari:
Ban raina Reyes ba ko kaɗan, amma ka duba inda kowa ya buga mana. Wanda ya tsaya kusa da Henry da Bergkamp da Pires ai dole kofi ya same shi. Joaquin shi ne Henry ɗin ƙungiyarsa, shi ake jira ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili.

Baba Mai Rediyo:
Yara ku bari in sa baki, don ni Betis tun kafin Joaquin na san ta, dalilin Finidi George. Finidi ya bar Ajax a 1996 ya koma can, shi ke gefen dama, idan ya ci ƙwallo sai a wurgo masa wata baƙar malafa ta mutanen can ya ɗora a ka. A 1997 sun je fainal ɗin Copa da Barcelona, Finidi ya ci ɗaya amma aka cinye su 3-2 a ƙarin lokaci. To a 2000 Betis ta faɗi zuwa rukuni na biyu, shekarar da ita da Sevilla da Atletico Madrid duk suka faɗi tare, Finidi ya tafi Mallorca, gefen dama ya zama babu mai shi. Wannan gurbin ne yaro ɗan shekara 19 daga garin El Puerto de Santa Maria ya shiga, kuma a kakar farko suka dawo La Liga. Mu da muke bin ƙungiyar saboda ɗan ƙasarmu mun ɗauka shi ke nan mun rabu da ita, sai muka ga wani yaro yana yin abin da Finidi ke yi har da ƙarin gudu. Shi ya sa har yau ban bar duba sakamakonsu ba.

Kuma sunan ba Jokwin ba ne kamar yadda ake kira a gidan kallo, Hwakin ake cewa.

Kore da Fari:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan tarihin na Finidi ni kaina ban haɗa shi haka ba sai yanzu.

Ɗan Madrid 14:
Ni abu ɗaya na sani game da shi, shi ya ɓarar da fenariti a Kofin Duniya na 2002 Koriya ta Kudu ta fitar da Sifaniya. Babban ɗan wasa a irin wannan ranar ake gane shi.

Malamin Firamare:
Haba Ɗan Madrid, in za ka kawo wasan nan ka kawo shi gaba ɗaya mana, kar ka yanko ƙarshe kawai. Ni na kalle shi, ranar Asabar ce da safe wajen bakwai da rabi, 22 ga Yuni 2002 a Gwangju, ko karyawa ban yi ba na tafi gidan maƙwabcinmu mai janareto. Joaquin yana da shekara 20 lokacin, koci Camacho ya fara da shi, kuma duk wanda ya kalla ya san shi ne ya fi kowa a filin nan, duk lokacin da ya karɓi ƙwallo sai ɗan bayan Koriya ya fara ja da baya. A ƙarin lokaci ya yanke mutum ya kai har bakin layi ya ɗago kuros, Morientes ya sa kai ta shiga raga, kuma lokacin dokar golden goal ake, wato da an bar ta wasa ya ƙare nan take Sifaniya ta je semi. Sai lasman ya ɗaga tuta wai ƙwallo ta fita kafin ya bugo. An maimaita hoton sau nawa, ƙwallon nan tana kan layi, ba ta fita ba. Kafin ita ma an soke wata a zagaye na biyu. Alƙalin wasan Gamal Al-Ghandour ne ɗan Masar.

Sai aka zo fenariti, Hierro ya ci, Baraja ya ci, Xavi ya ci, yaro ɗan 20 da ya yi gudun minti 120 ya zo na huɗu, golan Koriya Lee Woon-jae ya baro layi ya tare, Hong Myung-bo ya ci ta ƙarshe 5-3. To ni tambayata, ina manyan da suka bar wa yaro wannan nauyin? Kuma in ba don tutar lasman ba da yau ana cewa shi ya kai su cikin huɗun ƙarshe a karon farko tun 1950.

Ɗan Madrid 14:
Malam na yarda an cuce su, amma tarihi ba ya rubuta "da". An rubuta ya ɓarar.

Malamin Firamare:
Haka ne an rubuta, amma mu da muka gani ai muna raye, ba za mu bari a faɗi rabi ba.

Hajiyar Barca:
Ni ina da tambaya ga mai post. Idan har ya kai yadda kuke faɗa, me ya sa Aragones bai tafi da shi Euro 2008 ba, Del Bosque ma bai taɓa kiransa ba? Wasa 51 ya yi wa ƙasa, na ƙarshe a 2007, wato daidai lokacin da Sifaniya za ta fara cin komai sai aka ajiye shi. Koci biyu ba za su haɗu a kan kuskure ɗaya ba.

Kore da Fari:
Hajiya tambayarki ita ce mai nauyi a duk abin da aka faɗa, kuma ba zan ce duk laifin wasu ba ne. Abu biyu ne a ganina. Na farko bakinsa, bayan Ireland ta Arewa ta ci su 3-2 a Satumba 2006 ya fito a rediyo ya ce tawagar ƙasa a hargitse take, kuma Aragones ba mutumin da ake yi wa haka ba ne, ko Raul ma daga wannan wasan bai sake buga wa ƙasa ba. Na biyu kuma wanda ya fi girma shi ne salon wasa ya canza. Aragones ya yanke shawarar cika fili da 'yan tsakiya, Senna a baya, Xavi, Iniesta, Silva, ga Fabregas da Cazorla suna shigowa, waɗanda aka ajiye a gefe ma ba gefen suke tsayawa ba ciki suke shigowa a yi ta 'yar taɓa-taɓa. Joaquin kuma irin na da ne, takalminsa a kan farin layi, ya fuskanci lamba uku ido da ido, ya yi masa kamar zai shiga ciki sai ya fizga waje, ya ɗago wa lamba tara. Idan ƙungiya ta daina neman kuros to mai kuros ya zama ba shi da kasuwa, ko da kuwa ya fi kowa iyawa.

Ɗan Sevilla a Maraɗi:
To in haka ne ya aka yi Jesus Navas ya samu shiga? Shi ma ai irin wannan wasan yake, layi da kuros. Amma yana cikin waɗanda suka ci Kofin Duniya a 2010, shi ma ya ɗauko ƙwallon daga baya da gudu a fainal da Holan kafin ta bi ta ƙafafu ta isa wurin Iniesta, ya ci Euro 2012, ya dawo ya ci Nations League 2023 da Euro 2024 yana da shekara 38. Ga Europa huɗu da Sevilla, ga Firimiya da Man City a 2014, ga wasa sama da 700 a ƙungiya ɗaya. In maganar daɗewa da riƙon amana kuke yi, Navas ma ya yi, kuma shi da kofuna a hannu. Gari ɗaya suka yi wasa, sai dai ɗaya ya fi ɗaya.

Kore da Fari:
Na san ɗan Sevilla ba zai bari a yabi ɗan Betis ya yi shiru ba. Navas ina girmama shi sosai, musamman yadda ya yi fama da ciwon fargaba yana yaro har ba ya iya nisa da gida, ya zo ya fi ƙarfin abin. Amma Del Bosque a matsayin ɗan canji ya riƙe shi, a sako shi minti 60 idan an gaji ya buɗe fili da gudu. Kuma rabin ƙarshen rayuwarsa ta ƙwallo lamba biyu ya koma, tun Guardiola ya fara gwada shi a can a City. Joaquin bai taɓa komawa baya ya ɓuya ba, da gudu ya ragu sai ya koma wasa da kai, yana shigowa ciki yana raba ƙwallo. A ƙafa da dabara Navas bai kai shi ba, ko 'yan Sevilla na gaskiya sun san haka.

Ɗan Sevilla a Maraɗi:
Komawa lamba biyu ba ɓuya ba ne yallaɓai, aiki ne ya ƙaru, ka tsare kuma ka kai hari. Amma maganar dabara a ƙafa na ba ka.

Blues Har Abada:
Ku tsaya ku ji, mu 'yan Chelsea mun san Joaquin. Nuwamba 2005 a Champions League Betis ta ci mu 1-0 a gidansu, Dani ya ci, lokacin Mourinho na farko da kusan ba a cin mu. Kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a hira cewa Mourinho ya neme shi ya ƙi zuwa. Ni a nan nake ganin ya cuci kansa, da ya zo ya haɗu da Robben da Duff da Drogba a gaba da yanzu ba a wannan muhawarar. Wani lokacin son gida yana hana mutum kaiwa inda ya kamata ya kai.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana ka duba abin da yake ciki a lokacin. A Yuni 2005 Betis ta ci Osasuna 2-1 a filin Vicente Calderon ta ɗauki Copa, rabonsu da kofin tun 1977, kuma suka gama na huɗu a lig suka shiga Champions League karon farko a tarihinsu, ƙarƙashin Serra Ferrer, ga Oliveira ga Edu ga Assuncao mai bugun tazara. A wannan bazarar ya yi aure, kofin nan har wurin ɗaurin auren aka kai shi aka ajiye a gaba. Mutumin da yake cikin wannan daɗin a garin da ake ganinsa kamar sarki, ka ce ya tattara ya tafi Landan ya yi layin jiran riga? Shaun Wright-Phillips da Chelsea ta saya a wannan shekarar ai kun ga yadda benci ya cinye shi.

Gunner na Tudun Wada:
Amma Baba ai daga baya ya tafi ɗin, ina son gidan? 2006 Valencia ta biya Yuro miliyan 25, mafi tsada a tarihinta lokacin, me ya yi musu?

Jemage na Mestalla:
Wannan ni zan amsa don ni ɗan Valencia ne tun zamanin Mendieta da Aimar. Gaskiya bai biya kuɗin nan yadda muka sa rai ba, ba zan yi ƙarya ba. Mun yi mafarkin Vicente a hagu Joaquin a dama Villa da Morientes a gaba, a takarda babu irin wannan a Sifaniya, amma Vicente rauni ya riga ya cinye masa idon sawu, wanda shi ma wani abin baƙin ciki ne don a 2004 da muka ci lig da UEFA Cup babu ɗan gefen hagu kamarsa a Turai. Sai kuma aka kawo koci Koeman a ƙarshen 2007 ya zo ya ware Albelda da Canizares da Angulo, ɗakin sa kaya ya rabu, shi da Joaquin ba sa ga maciji, fainal ɗin Copa 2008 da muka ci Getafe 3-1 ko minti ɗaya bai ba shi ba, bayan kwana kaɗan aka kori Koeman ɗin don mun kusa faɗuwa. Da Emery ya zo an ɗan samu sauƙi amma ga Pablo Hernandez suna rabon wuri, ga bashi ya sa ana sayar da kowa. Shekara biyar ya yi mana, wasu ranakun ka ga kamar babu mai iya tare shi, wasu ranakun ka manta yana fili. Wannan rashin ɗorewar ita ce aibinsa na gaskiya a shekarun da ya kamata a ce yana ganiya.

Kore da Fari:
Wannan na karɓa, don ka faɗi gaskiya ba da ƙiyayya ba. Shekarunsa na Valencia su ne raunin hujjata.

Amma ku duba abin da ya biyo baya, don a nan ni nake ganin girman mutumin. Ɗan gefe mai dogaro da gudu idan ya kai 30 yawanci ya gama, sai Qatar ko Amurka. Shi a 30 ɗin ya koma Malaga wurin Pellegrini a 2011, suka gama na huɗu, suka je kwata fainal na Champions League a 2013. Wa ya tuna daren Dortmund? An yi 0-0 a Malaga, a Jamus shi ya fara ci da ƙafar hagu daga bakin akwati, Lewandowski ya rama, Eliseu ya ƙara a minti 82, har an shiga ƙarin minti Malaga na semi, sai Reus ya ci, sai Santana ya tura ta uku alhali mutane kusan huɗu suna satar gida lokacin da aka ɗago ƙwallon. Sau biyu ke nan a rayuwarsa yana bakin semi na babbar gasa tuta tana hana shi.

Ɗan Madrid 14:
Ƙwallon Eliseu ɗin ma ofsaid ce ai, a faɗi duka.

Kore da Fari:
Gaskiya ne, ita ma ofsaid ce, ban musa ba.

Hajiyar Barca:
Na tuna shi a Fiorentina kuma, wasan da Juventus ta fara cin 2-0 ta hannun Tevez da Pogba a Oktoba 2013 sai aka dawo aka ci su 4-2, Rossi uku shi ɗaya, kuma tasa ce ta ukun da ta juya wasan. Ƙanina ɗan Juve ne ranar bai ci abincin dare ba.

Malamin Firamare:
Ni abin da ya fi taɓa ni komawarsa gida a 2015 yana da 34. Kowa ya ɗauka ya zo ya yi kaka ɗaya ko biyu a yi masa tafi ya tafi, sai ya yi takwas. Ranar 8 ga Disamba 2019 ya ci Athletic Bilbao uku rigis cikin minti 20 na farko, yana da shekara 38, ya karya tarihin Di Stefano da ke nan tun 1964 na wanda ya fi tsufa da ya ci uku a wasa ɗaya a La Liga, kuma ita ce hatirik ɗinsa ta farko a duk rayuwarsa, ku ji fa, sai a 38. A 2022 yana da 41 ya ci Ludogorets a Europa. Ina koya wa yara a makaranta, kuma idan ana maganar kula da jiki da rashin raina atisaye shi nake kawo musu misali, don babu yadda za a yi mutum ya yi shekara 23 yana gudu a gefe in ba ya kiyaye abin da yake ci da lokacin barcinsa. Mutane suna ganin barkwancinsa da rawa a talabijin sai su ɗauka wasa ya ɗauki sana'ar.

Jemage na Mestalla:
Kar ku tuna min 2022 don Allah. Fainal ɗin Copa tsakaninmu da Betis, 23 ga Afrilu a filin La Cartuja, Borja Iglesias ya ci, Hugo Duro ya rama mana, aka je fenariti, yaronmu Yunus Musah wanda iyayensa 'yan Ghana ne ya ɗaga tasa sama, Miranda ya ci ta ƙarshe 5-4. Na ji zafi sosai ranar amma da na ga Joaquin yana kuka ya ɗaga kofin sai na kasa jin haushinsa.

Kore da Fari:
To Ɗan Madrid ga amsar maganarka ta ɗazu. A wannan fainal ɗin Pellegrini ya sako shi daga benci, da aka zo fenariti mutumin da duniya ta sani da ɓarar da ta 2002 bai ɓuya a bayan yara ba, yana da shekara 40 ya ɗauki ƙwallo ya je ya buga ta biyu, golan Valencia Mamardashvili har ya taɓa ta amma ta shiga. Shekara 20 tsakani. Betis Copa uku gare ta a duk tarihinta, 1977 da 2005 da 2022, biyu daga ciki da shi aka ci. Ka auna wannan da mutumin da ya ci lig biyar a ƙungiyar da ko babu shi za ta ci.

Ɗan Madrid 14:
Wannan ta 2022 ban san ya buga ba gaskiya. Na janye rabin maganata, amma har yanzu ba zan sa shi gaban Pedro ba, Pedro ya ci komai kuma ya ci ƙwallo a fainal ɗin Champions League 2011.

Hajiyar Barca:
Yau ga ɗan Madrid yana kare ɗan Barca. Pedro namu ne amma aikinsa daban, shi ɗan matsa lamba ne da shiga bayan 'yan baya, ba mai yanka ba. In ka ce in zaɓi wanda zan biya kuɗin gidan kallo don in kalle shi shi kaɗai, Joaquin zan zaɓa. In kofi nake nema in ɗauki Pedro.

Baba Mai Rediyo:
Zubizarretan da ya kamo ɗin nan ma ai mun san shi, shi ne Garba Lawal ɗan Kaduna ya buga wa ƙwallo daga gefe a Nantes a wasan Najeriya da Sifaniya na Kofin Duniya a 1998 ya tura ta raga da hannunsa, muka ci su 3-2 da ta Adepoju da ta Oliseh. Zubizarreta gola ne, yana iya tsayawa a raga har 36 ba wanda zai yi mamaki. Amma ɗan gefe ya yi 622, kuma ku tuna kakarsa ta farko a rukuni na biyu ya yi ta, sannan ya yi biyu a Italiya, duk ba a lissafa su ba. Da ya zauna a Sifaniya waɗannan shekaru biyun da ya wuce shi da nisa.

Gunner na Tudun Wada:
Baba wannan lissafin ya shige ni. Amma ni dai Reyes ɗina yana nan a sama, sai Navas, sai shi.

Ɗan Sevilla a Maraɗi:
Biyun farko duk 'yan makarantar Sevilla ne, na gode Gunner.

Kore da Fari:
Ni nawa jerin Joaquin, Navas, Vicente kafin rauni, sannan Reyes. Wasan Joaquin na ƙarshe 4 ga Yuni 2023 da Valencia aka yi shi aka tashi 1-1, ina da bidiyon lokacin da aka canza shi duk fili aka miƙe har 'yan Valencia, bari in nemo in tura wa yaron majalisarmu, in na samu data anjima zan sa muku a nan ma.

Jemage na Mestalla:
Ka sa har da na Dortmund ɗin in kana da shi, ina so in sake ƙirga mutum nawa ne suka yi satar gida.